Sheƙin da Inna Ta Zaɓa

Tun ranar da aka kai Baba makwancinsa, magana ɗaya ce ta hana mu sakat: ko Inna za ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidan da suka tsufa a ciki, ko kuwa ɗayanmu zai ɗauke ta. Mu biyu ta haifa, ni da Yaya. Shi kafinta ne kamar Baba, shi ya gaji shagon da kayan aikin da taurin kan, bai rage wa kowa komai ba. Ni ce auta, abin da na samu a rabon kuwa baki ne, kuma wannan daga wajen Inna ya zo.

Yaya ya riga ya share mata ɗaki a gidansa, har da sabon labule. Ni ma na ce nawa gidan ya fi kusa da asibiti. Muka zauna a falonta muna ta jero mata dalilai kamar masu talla, ita kuwa tana ta juya cokali a kofi. Da muka gaji don kanmu, sai ta ce:

"Kun gama? To ku sha shayinku kafin ya huce. Ba inda za ni."

"Inna, idon naki fa," in ji Yaya.

"Me ya sami idon nawa? Ga ka nan ina kallonka, kai da ƙaton cikinka."

Na tuntsire da dariya, Yaya ya ja rigarsa ƙasa yana ɓata rai. Mun san idonta ya yi rauni. Ta daɗe da daina sa zare a allura, gilashinta kuma ya yi kauri kamar gindin kwalba. Amma a cikin gidan nan wa ya isa ya ce ba ta gani? Tana miƙewa za ta zagaya teburin cin abinci, ta faɗa kicin, ta dawo da gwangwanin sukari tun ni ban tuna inda ake ajiye shi ba. Maganin hawan jininta iri biyu ne, na safe da na yamma, kowanne da durowarsa a gefen gado, kuma ba ta taɓa shan wannan a madadin wancan ba. Tafiyarta ma da yanga take yin ta, tana jan yatsu a jikin kaya kamar mai duba ƙura. Mun ɗauka tsabta ce ta yi mata yawa, don dama Inna mace ce da za ta iya tsayar da baƙo a bakin ƙofa ta tambaye shi inda ya taka.

A ƙarshe ita ta yanke maganar da kanta.

"Ku ji nan. Ranar da kuka ji na ce wani ya kama min hannu a cikin gidan nan, ku ɗauke ni, ba zan yi muku gardama ba. Kafin wannan ranar, ku ƙyale ni da gidan mijina."

Muka amince, don mun san halinta. Inna ba ta yarda a riƙe ta. Ko a bakin titi ka kai hannu za ka tsallakar da ita, sai ta doke hannun ta ce yaushe ta gaya maka ta gaji. Saboda haka muka tashi a ranar muna ganin Inna ta ci mu da wayo, ta kafa sharaɗin da ba zai taɓa cika ba.

Duk wani katako da ke gidan nan Baba ne ya haɗa shi da hannunsa. Teburin, kujerun, kabad ɗin kicin, durowoyin gefen gado, har da wani dogon katako siriri da ya bi bangon lungu da shi daga falo zuwa ɗakuna, wanda ya ce mana don kada hannu ya riƙa ɓata bango ne. A zamaninsa ba a kan yanka ko haɗi aka san Baba ba, wannan kowane kafinta ya iya. A kan yadda yake gama aiki aka san shi. Mutum ne da zai goge tebur da sanfefa, takardar nan mai yashi, ya rufe ido ya shafa tafin hannunsa a kai, ya ce da saura, alhali kai ko da tocila ka haska ba za ka ga abin da ya saura ba. Kuma yana da ra'ayi a kan duk abin da ake shafa wa katako. Fenti, in ji shi, na katakon da ke da abin ɓoyewa ne. Banish, man nan da ke sa katako sheƙi, na masu son a gani ne. Mai da kakin zuma kuwa su ne na kayan da mutum zai zauna da su. Yaya ya sha ranƙwashi a shagon nan a kan ƙasan kujera da bayan kabad, wuraren da ba mai leƙawa. Baba cewa yake in ka bar ƙasan tebur da kaushi, to ba gama teburin ka yi ba, gajiya ka yi.

Shi ya sa abin da ya faru a shekarunsa na ƙarshe ya yi ta cin Yaya a rai. Baba ya daina zuwa shago, ya koma taɓe-taɓen kayan gida, kuma duk abin da ya taɓa sai ya ɓata shi. Gefe ɗaya na teburin sumul, ɗaya gefen ya kankare shi ya bar shi da kaushi. Murfin kabad guda ya lafta masa banish har ya yi tudu, na kusa da shi kuma tsirara, ko mai bai gani ba. A hannun wata kujera ya bar ɗigon fenti ya bushe, guda-guda kamar ƙuraje. Katakon bangon lungu kuwa sai wanda ya gani: nan santsi, can kaushi, gaba kaɗan wani curin kaki manne. Ka shiga gidan babban kafinta ka tarar da kaya dabbare-dabbare, ka rantse wani ɗan koyo ne ya yi wasa da su.

Yaya ya taɓa daurewa ya ce masa, "Baba, ko in zo in ɗan gyara kayan nan?"

Baba ya dube shi ta saman gira. "Na ce maka sun lalace ne?"

Yaya bai sake tayar da zancen ba. Amma a mota, muna komawa, ya tsaya a gefen hanya ya kifa kai a sitiyari ya ce, "Auta, hannun Baba ya tafi, kuma bai ma san ya tafi ba." Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba sai ranar. Da Baba ya rasu kuma, tsofaffin abokan sana'arsa suka cika falo suna mana gaisuwa, ina kallon Yaya yana shimfiɗa ƙyalle a kan teburin, yana tsayawa a gaban kabad yana tare shi da jikinsa. Ba don kansa yake jin kunyar ba, ubansa yake rufa wa asiri.

Bayan 'yan watanni jinin Inna ya hau, likita ya ce yana son ya riƙa ganinta a kai a kai na ɗan lokaci. Da ƙyar da lallami ta yarda ta zo wurina, bayan ta maimaita mana cewa baƙunta ta zo ba ƙaura ba. A gidana sai ta koma wata mace daban. Ta zaɓi kujera ɗaya kusa da taga ta maƙale a kai. Komai sai an miƙo mata, wai gwiwa ce ke damunta. In za ta banɗaki sai ta jira falo ya zama ba kowa, in na ji motsi na fito sai in tarar da ita dafe da bango tana cewa ƙafa ce ta riƙe. Na ce a raina kewar Baba ce, ga kuma rashin sabo.

Abin da Yaya ya ƙulla a wannan tsakanin ban san shi ba sai da aka gama, don ya san bakina ba ya riƙe magana. Ashe ya haƙura da batun ɗauke ta. Ya ce wa matarsa tunda Inna gidanta take so, to bari ya mayar mata da shi gidan da ta sani tana amarya. Zai kwashe kayan gaba ɗaya ya gyara su yadda Baba zai yi da hannunsa bai gaza ba. Abu ɗaya ya rage masa, abin da zai shafa musu, kuma ya ga ba wanda ya cancanci zaɓen sai mai kayan.

Sai ga shi wata ranar hutu da hantsi, da guntayen alluna uku a hannu, ya tsaya a tsakiyar falona.

"Inna, wata dattijuwa ce ta ba ni aikin kayan gidanta, mai tsanani irinki. Na rasa abin da zan shafa mata. Ke matar kafinta ce, zaɓar min."

Inna ta miƙo hannu. "Kawo in ji."

"A'a, ba su gama bushewa ba, za su ɓata miki hannu. Ai daga nan ma kina gani. Ga na mai da kaki, irin na Baba. Ga fenti ruwan ƙasa. Ga kuma banish mai sheƙi."

Ta janye hannun a hankali ta ɗora a cinya. Ta gyara zaman gilashinta. Rana ta shigo ta taga ta bugi allon ƙarshe, ya wurgo mata haske a fuska, har ta ɗan ƙifta ido. Ta ɗaga yatsa ta nuna shi.

"Wancan mai hasken."

Yaya ya zaro ido. "Inna! Banish? Da Baba na nan cewa zai yi na masu son a gani ne."

"Ubanka ba shi zai zauna a gidan matar ba. Tsohuwa abin da za ta iya gani take so. Ka yi mata aiki mai kyau, kada ka ba shi kunya."

Ni kuwa da shegen bakina na ce, "Lallai Inna an waye, sai mu nemo miki jan baki." Ta ce in na ƙara za ta nuna min wayewa da takalminta. Muka yi dariya mu uku, Yaya ya kwashi allunansa ya fita yana murmushi shi kaɗai.

Matarsa ce ta ba ni labarin sauran daga baya. Ya ture aikin mutane gefe, ya kwashe kayan zuwa shago, har katakon bangon ya ɓamɓaro. Bai bar kowa ya sa masa hannu ba. Ya kankare komai har sai da farin katako ya fito, ya bi da sanfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya shafa banish ya jira ya bushe, ya goge ya sake shafawa. Yana dawowa gida da hannu duk ya saɓule, ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Kafin ya ɗaga kowane abu kuma sai da ya zana wurin ƙafafunsa da alli a ƙasa, don ya san Inna ba ta son a matsar mata da kaya ko da ɗan taƙi ne. Ya yi tunanin komai, bawan Allah, har abin da ba a tambaye shi ba.

Ranar da likita ya sallame ta, Inna ta riga kowa shiryawa. A mota sai zuba take, rabon da in ji muryarta haka tun Baba na da rai. Ta ce butar shayina ba ta iya tafasa ruwa ba, katifata kuma ta masu ciwon baya ce, yau dai za ta yi barci irin na mutane. Muna tsayawa ta buɗe ƙofa ta fita, ta bi jikin katanga ta isa bakin ƙofarta tana neman makulli a jaka. Sai ta ɗaga hanci.

"Wa yake fenti a unguwar nan?"

Yaya ya karɓi makullin ya buɗe, ya ja gefe, ƙirji a gaba. "Inna, ga dattijuwar da na ce miki. Shiga ki ga zaɓinki."

Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi kyau. Ni na fara leƙawa. Teburin yana ɗaukar ido, jijiyoyin katakon sun fito ɗaya bayan ɗaya, kujerun sun zama 'yan uwan juna, kabad ɗin kicin kana iya ganin fuskarka a jikinsa. Gidan yarintata ne ya dawo. Na rungume Yaya ina kuka ina sa masa albarka, shi kuma yana ta cewa, "Bari mana, bari ta gani."

Inna ta shigo ta tsaya. Ta ɗan taka, ta miƙa hannu, ta sami bakin teburin. Yatsunta suka bi gefen har kusurwa, suka karya, suka bi ɗaya gefen. Ta zagaye teburin gaba ɗaya. Ta sake zagaye shi.

"Kamar gilashi, ko Inna?" in ji Yaya.

Ta saki teburin ta nufi inda take zaton kicin ne, sai ƙaurinta ya daki kujera, ƙara ta tashi. Na zabura zan tare ta.

"Kada ki taɓa ni!"

Na tsaya cak. Ta lalubi bango har hannunta ya faɗa kan katakon lungu, na ga kafaɗunta sun ɗan sauka kamar wadda ta haɗu da ɗan uwa a baƙon gari. Ta bi shi. Ta wuce ƙofar banɗaki. Ta wuce ƙofar ɗakinta, hannun ya tsallake gurbin ya sake kama katakon. Ta yi ta tafiya har katakon ya ƙare, hannunta ya faɗi a iska. Ta tsaya a can ƙarshen lungu, fuskarta kusan manne da ƙofar baya, ta juya mana baya. Muryar da ta yi magana da ita ban san Inna na da irinta ba.

"Nan ina ne?"

Ita ta juyo da kanta, ta biyo muryar kukana har falo, ta laluba ta zauna a kujerar da ta fara samu, wadda ba tata ba ce. Ta cire gilashin ta riƙe a hannu.

"Gilashin nan naku ne," ta ce. "Don ku nake sa shi. Na daɗe da daina ganin fuskar mutum. Haske nake gani da duhu, shi ke nan. Ranar da ka zo da allunanka, guda ɗaya ne ya yi min ƙyalli a ido, shi na nuna."

Ta juya gilashin a hannu, ta ci gaba.

"Kuna cewa ubanku ya gaji ne ya bar shago. Bai gaji ba. Gida ya dawo ya yi min idanu. Gefen tebur mai kaushi shi ke kallon kicin. Murfin kabad mai tudu, sukari da ganyen shayi. Wanda ya bari tsirara, sabulu da maganin ƙwari, kada in kuskura. Durowar safe santsi, ta yamma kaushi. Curin kakin nan na lungu, ƙofar banɗaki. Ƙurajen hannun kujera kuwa kujerata ce, ita ke fuskantar ƙofa, don in baƙo ya shigo in dube shi kamar ina ganinsa." Ta ɗan juya kai wajen Yaya. "Cikin naka ma ba gani na yi ba. Ubanka ne yake ba ni labari."

Nan fa zuciyata ta hau, don ni in abu ya yi min ciwo faɗa nake fara yi. "Haba Inna! Haba! Mu 'ya'yanki ne ko maƙwabta? Me ya hana ku gaya mana? Shekara da shekaru kuna mana wasan kwaikwayo ke da shi!"

"Da na gaya muku, da yanzu ina ɗakin mai sabon labule, ana kawo min ruwa ana tambayata ko na yi barci." Ba ta ɗaga murya ba. "Ni na hana shi faɗa, na sa ya yi min alkawari. Kuma ya san abin da kuke cewa a kansa, kada ku ɗauka bai sani ba. Ya ce min gara a ce hannunsa ne ya lalace, da a zo a fitar da ni daga ɗakina."

Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai da hannu biyu. Ƙaton mutum mai 'ya'ya, yana kuka kamar an yi masa duka. Ni ban san wanda zan fara tausaya wa ba, shi ko ita ko wanda ke kwance a ƙasa ya tafi da sunan wanda hannunsa ya gaza. Can sai ya zabura ya fita da gudu, ya dawo daga mota da sanfefa da wuƙar kankara da guntun kaki.

"Gaya min inda suke, Inna. Yanzu-yanzu zan mayar da su. Wallahi kafin rana ta faɗi na mayar."

Ya durƙusa a gefen teburin da ke kallon kicin, ya hau gurzar banish ɗin da ya ɓata makonni yana shafawa. Farin gari ya yi ta zuba a kan gwiwarsa. Da ya gama ya buga teburin da yatsa don ta ji inda yake, ta taso ta zo ta shafa.

"Wannan yana cizo," ta ce. "Nasa ba ya cizo."

Ya sake bi da mai laushi.

"Yanzu kuma ya ɓace."

Suka koma lungu. Ya tambaye ta daidai ina curin kakin yake, kafin ƙofar ko bayanta. Ta ce nan. Ta ce a'a, ɗan gaba. Ta tsaya, ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa aunawa ba, in hannunta ya iso wurin ne kawai yake gaya mata. Suka shiga ɗaki ya ce wace durowa ce ta safe, ta sama ko ta ƙasa. Ta shafa wannan, ta shafa waccan, dukansu sumul kamar tagwaye. Matar da ba ta taɓa kuskuren magani ba ta tsaya a gaban durowoyinta ta kasa bambance su.

"Ba kaina ne ya riƙe su ba," ta ce. "Hannuna ne. Kuma ba rana ɗaya ya yi su ba. Guda zai yi, ya ɗora yatsana a kai, mu yi ta bi, yau da gobe, har hannun ya haddace, sannan ya yi na gaba. Lokacin ina ɗan ganin inuwar kaya, ga shi kuma a gefena yana min tsiya in na ɓata hanya."

"Zan zauna, Inna. Zan rufe shagon in zauna mu yi ta bi."

"Ka rufe shagon ubanka ka ci me? Tashi, ka ɓata wandonka."

Muka dawo falo, ita a gaba tana karo da kaya, mu a baya ba mai ikon kai hannu. Da ta isa teburin sai ta tsaya, fuskarta ta ɗan saki.

"Akwai guda ɗaya," ta ce. "Na farkon da ya yi. Wannan ba a sama yake ba."

Ta tura hannu ƙarƙashin leɓen teburin.

"Kaki ya narkar ya manna a nan ƙasa, daidai wurin zamana, inda ba mai gani. Ya danna babban yatsansa a ciki tun da ɗuminsa, wurin ya lotsa. Ya ce in mutane sun cika falo na rikice, in sa yatsana a nan, zan san inda nake. Tun da ya tafi, kullum da safe nan nake fara sa yatsa kafin in ɗora ruwan shayi."

Ta fara bin ƙasan teburin a hankali, ta ɗan sunkuya, kanta a karkace kamar mai sauraron wani abu. Na dubi Yaya. Ya daina kuka, ya ƙura wa ƙasa ido. A raina ina roƙon Allah ya sa sau ɗaya a rayuwarsa ya yi ha'inci, ya sa gajiya ta kama shi ranar, ya sa ya ce ai ba mai leƙa nan. Inna ta bi gefe ɗaya, ta karya kusurwa, ta bi na biyu. Ba ta yi sauri ba. Ta zagayo har inda ta fara, ta tsaya, hannun na ƙasa.

"Har ƙasan ka gyara?"

"Har ƙasan, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta sake shafa wurin da tafin hannu, ido a rufe, yadda Baba yake yi.

"Sumul," ta ce. "Haka ya koya maka. Da ya taɓa wannan, da bai ce da saura ba. Allah ya yi maka albarka."

Yaya ya toshe baki da hannu ya juya wa ɗakin baya.

Inna ta zaro hannunta daga ƙarƙashin teburin. Ta ajiye gilashin a kai, ya ɗan zame a kan santsin kafin ya tsaya. Ta gyara mayafinta, ta miƙe sosai. Sannan ta miƙa hannu cikin iska, ba ma daidai inda nake tsaye ba.

"Auta, zo ki kama min hannu."

Na zagayo na kama, ina jira ta doke ni kamar yadda ta saba. Ba ta doke ba.